Abu Biyar da Kike Gani

Tana tsakiyar zana zuciyar ɗan Adam a allo Baba Masinja ya leƙo ta taga, ya yi gyaran murya.

"Malama, Shugaba ya ce ki same shi a ofis ƙarfe ɗaya, in an tashi."

"Ni?"

"Akwai wata Jan Biro a makarantar nan bayan ke?"

'Yan aji suka ƙyalƙyale da dariya. Duk makarantar da sunan nan ake kiranta, domin gyaranta bai tsaya a littattafan ɗalibai ba. Ko sanarwa aka liƙa a ƙofar ɗakin malamai, in ta hango kuskure sai ta zare biro ta ja masa layi. Ta buɗe baki za ta tambayi dalilin kiran, amma tsohon ya riga ya wuce yana jan silifas. Ta dubi agogon hannunta. Takwas da kwata. Allin ya karye a yatsunta.

Ta san dalilin. Yau kwana tara ke nan da ta rubuta wa Shugaba wasiƙa, shafi huɗu cur, ta liƙe ambulan da salatif, ta damƙa wa Baba Masinja. Ba ta bar komai ba. Ta yi maganar ɗakin gwaje-gwaje da ke kulle shekara uku, kayan aiki sababbi fil a kwalaye gizo-gizo ya gaje su, wai kada yara su fasa. Ta yi maganar malaman da ke shigowa ƙarfe goma su rubuta bakwai da rabi a littafin sa hannu. Ta yi maganar famfon da ya lalace tun kafin ta zo, kowa ya wuce ya ce Allah ya kyauta, kamar Allah bai riga ya kyauta ba da ya halicci mai gyaran famfo. A ƙarshe ta rubuta cewa in mako biyu suka cika ba ta ga amsa ba, za ta aika wa masu duba makarantu kwafi.

Duk wannan gaskiya ce, kuma ko yau aka tashe ta za ta maimaita. Layi ɗaya ne ya hana ta sakat, wanda ke tsakiyar shafi na uku: "Kujerar ofishinka ta fi ka aiki, Yallaɓai, domin ita ko ba komai tana juyawa."

Ranar da ta rubuta shi har tafi ta yi wa kanta. Ta manta cewa wata goma sha ɗaya kacal ta yi tana koyarwa, a matsayin 'yar gwaji, kuma takardar tabbatar da ita a aiki tana kan teburin mai kujerar, sa hannunsa take jira. In ya sa, ta zama malama. In ya ƙi, ƙarshen wata ta tattara birukanta ta koma gida.

Tun daga ranar magana ɗaya ke kewaya kanta kamar sauro a kunne: za a kore ki. Tana goge baki, za a kore ki. Tana cikin mota, za a kore ki, me za ki ce wa Umma, wa zai ɗauki malamar da aka kora, me ya kai ki maganar kujera. In ta kai ƙarshen tunanin sai ya koma farko, kamar bai taɓa zuwa ba.

Ta ɗauki guntun allin ta ci gaba da sa wa sassan zuciya suna. Monitar aji, wata 'yar siririya mai tabarau, ta ɗaga hannu.

"Malama, babbar jijiyar nan ta sama, sunanta kujera?"

Jan Biro ta ja da baya ta dubi allo. Ga shi nan da rubutunta, ɓaro-ɓaro, har da kibiya.

"Gwada ku nake yi," ta ce, ta goge da tafin hannu.

Da aka kaɗa ƙararrawar hutun ƙarfe goma ta zagaya bayan ɗakin gwaje-gwajen, inda ba mai zuwa, ta kira yayarta. Yaya ma'aikaciyar jinya ce a ɗakin da ake kwantar da masu jiran tiyata, ta saba da mutanen da tsoro ke ci tun wuƙa ba ta taɓa su ba.

"Auta, minti uku gare ni, akwai mai jiran allura. Mene ne?"

"Ya kira ni. Ƙarfe ɗaya. Yaya, na mutu."

"Matattu ba sa kiran waya. Ya ce zai kore ki?"

"Bai ce ba, amma ai..."

"To tsaya. Kin tuna maƙwabciyarmu ta tsohon gida, mai shigowa aron ashana da safe ta kai la'asar?"

"Me ya kawo ta cikin maganar nan?"

"Umma ta taɓa korarta?"

"A'a."

"Ta taɓa ba ta kujera?"

Jan Biro ta tuna. Gaskiya ne, Umma takan amsa gaisuwa ne ta ci gaba da wankinta, matar ta yi ta zuba a tsaye har ƙafa ta gaji ta tafi.

"Tunanin nan maƙwabciya ce," in ji Yaya. "In kika ce za ki tura ta waje, kokawa ce, kuma ta fi ki ƙashi. In kika zauna kina ba ta amsa, ta samu wurin kwana. Ki ce mata sannu da zuwa, ki koma kan abin da hannunki ke yi. In ƙirjinki ya fara bugawa, ki ja numfashi kina ƙirga huɗu, ki riƙe huɗu, ki saki a hankali kina ƙirga shida. In ta ƙi tafiya, ki buɗe ido ki faɗi abu biyar da kike gani a wurin, ɗaya bayan ɗaya, ki dube su da kyau. Sannan ki nemo aikin hannu, ko na banza ne."

"Yaya, aikina za a raba ni da shi, ke kina cewa in ƙirga tagogi."

"To zauna ki ci gaba da taunawa. Kwana tara kina tunani, ya goge layi ɗaya daga wasiƙar?"

"A'a."

"Yauwa. Mai allura na kira na. Kuma ke ma, kujera? Allah ya shirye ki, Auta."

Ta ji yayar tana dariya kafin wayar ta katse.

A ɗakin malamai kowa na inda ya saba. Malamin Lissafi ya miƙe ƙafafu a kan benci yana latsa waya, alhali ajinsa na can yana ta ihu. Malamar Tarihi, wadda ta shekara ashirin da biyu a makarantar, tana ɓare lemo a kan jarrabawar da ba ta duba ba. Jan Biro ta zauna a kusurwa, ta rufe ido, ta ja numfashi. Ɗaya, biyu, uku, huɗu. Ta riƙe. Ta saki.

"Lafiya, Jan Biro? Tayar keke kike hurawa?" in ji Malamin Lissafi.

Ba ta kula shi ba. Ɗaya, biyu, uku.

"Na ji an ce ƙarfe ɗaya ne. Kai, ƙarfe ɗaya ba ta da kyau. Na ƙarshe da aka kira ƙarfe ɗaya, jiya na sayi katin waya a hannunsa. Ya yi ƙiba ma, kasuwa ta karɓe shi."

Aka yi dariya. Ƙirgan ya watse.

"Rabu da shi, 'yar nan," Malamar Tarihi ta ce, tana tofar da ƙwallon lemo a hannu. "Mu ma da zafinmu muka zo. Makarantar nan randa ce, kome zafin ruwa in ya kwana ciki sai ya yi sanyi. Ki ba ta shekara biyu."

Wannan maganar ta fi ta katin waya ƙona mata rai. Ga yara ɗari bakwai da za su gama makaranta ba su taɓa leƙa madubin ƙara girman abu ba, ga manya suna alfahari da sanyin randa. Ta miƙe don kada bakinta ya ƙara mata wani shafin, idonta ya faɗa kan tsohon kabad ɗin da ke bayan ƙofa, wanda tun zuwanta ba ta ga an buɗe ba. Aikin hannu, in ji Yaya, ko na banza ne.

Ta ja murfin, ƙura ta tashi. Ta fara fito da kaya tana jerawa a ƙasa: takardun jarrabawar yaran da yanzu sun yi 'ya'ya, buta marar murfi, takalmi ƙafa ɗaya, taswirar duniya da ɓera ya cinye rabin teku, ƙararrawar hannu marar harshe. Ta ware na zubarwa, ta ɗaure na ajiya da igiya, ta samo tsumma ta goge kantocin kabad ɗin ɗaya bayan ɗaya. Sai da ta kai kantar ƙasa ta lura da wani abin mamaki: minti ashirin sun wuce ba a kore ta ba ko sau ɗaya.

Lurar da ta yi kuwa kamar ta buɗe ƙofa. Za a kore ki, wanda zai gaje ki ne zai ji daɗin kabad ɗin.

"Sannu da zuwa," ta ce a fili, tana murza tsumma. "Babu kujera."

Malamin Lissafi ya ɗago kai, ya dubi ƙofa, ya dubi kujeru shida da ba kowa a kai, ya dubi Malamar Tarihi.

"Abin ya fara taɓa ta," ya ce a hankali. "Tun ƙarfe ɗaya ba ta yi ba."

Darasin ƙarshe na ajin safe ne, masu zuciya a allo. Ta shiga ƙirjinta na lugude. Sai wata dabara ta faɗo mata. Ɗakin gwaji a kulle yake, amma ai kowane yaro da zuciyarsa ya zo.

"Ku rufe littattafai. Kowa ya ɗora yatsu biyu a wuyan hannunsa, nan ƙasan babban yatsa. Wa ya ji abu na motsi?"

Aji ya kaure. Wani ya rantse shi ba shi da ita, sai da na kusa da shi ya nemo masa. Ta ba su minti ɗaya da agogonta, kowa ya ƙirga ya rubuta. Ta sa su tsalle sau talatin, suka sake ƙirgawa, lambobi suka haura. Monita ta matso ta ce a ba ta ta gwada na Malama. Ta kama hannun, ta ƙirga leɓɓanta na motsi, sannan ta dube ta ta saman tabarau.

"Ɗari da huɗu. Malama, ke ba ki yi tsalle ba, amma taki gudu take kamar an biyo ta."

"An biyo ta. Yanzu ku ga yadda ake tsayar da ita."

Ta koya musu huɗu, huɗu, shida. Yara hamsin da uku suka ja numfashi tare, suka saki tare, ajin ya yi tsit har ana jin kukan tattabaru a kan rufi. Mutum biyu a baya suka yi barci, wannan kuma ba sabon abu ba ne. Da aka sake ƙirgawa kowa nasa ya sauko. Na Malama ya dawo tamanin da takwas. Suka zana lambobin a allo, suka yi gardama a kan dalili, har aka kaɗa ƙararrawar tashi ba wanda ya ruga. Maƙwabciya ta leƙo sau biyu, ta tarar ba mai sauraronta.

Amma a bakin ofishin Shugaba ta tarar da maƙwabciyar tana jira, ta sha ɗamara.

Shugaba na waya lokacin da ta yi sallama. Ya nuna mata kujerar baƙi da haɓa, ya ci gaba da yi wa wani bayanin yadda ake jiƙa maganin ciwon baya. Babban mutum ne mai sanyin murya, wanda bai taɓa yi wa kowa tsawa ba, bai kuma taɓa yin komai ba. Yana magana yana juyawa a kujerarsa, dama, hagu, tana ƙara ƙiii. Kowace ƙara sai ta ji kamar shafi na uku ake karanta mata. Za a kore ki, yanzu, da bakin nan mai maganar ciwon baya.

Abu biyar, in ji Yaya. Ki dube su da kyau.

Ɗaya, kalanda a bango, ta shekarar da ta wuce, an tsaya a watan bakwai. Biyu, kofin shayi a gefen tebur, cike, cokali a ciki. Uku, makulli rataye a ƙusa bayan kansa, da jan zare da 'yar takarda mai cewa ɗakin gwaje-gwaje, har ƙusar ta yi tsatsa. Huɗu, kujera. Ta yi sauri ta wuce kujera. Ta sunkuyar da kai tana neman na biyar a ƙasa. Siminti, igiyar fanka, ƙafar tebur. A ƙarƙashin ƙafar teburin ta hagu akwai wata farar takarda da aka ninka biyu aka cusa.

Ta dube ta da kyau, kamar yadda aka ce. Ambulan ne. A gefen da ya leƙo ana ganin jan rubutu, "Zuwa ga Shu", sauran ƙafar tebur ta danne. Salatif ɗin da ta liƙa da hannunta yana nan, ko ƙwarzane babu.

Da farko wani sanyi ya sauko mata tun daga wuya har tafin ƙafa. Bai karanta ba. Bai san da kujera ba. Kafin sanyin ya gama sauka, zafi ya taso ya tare shi a hanya. Kwana tara! Kwana tara tana shari'a da kanta, tana kora tana dawowa, ashe maganar yara ɗari bakwai tana nan tana tokare tebur.

"Yauwa, Malama," Shugaba ya ajiye waya. "Takardarki ce ta tabbatarwa. Ofishin sama sun dame ni, wai yau ne ƙarshe." Ya ɗaga fayil uku kafin ya same ta. "Ni dai ban taɓa jin ƙorafi daga gare ki ba. Yarinya mai ladabi, ba ruwanki da yawan magana. Irinku muke so."

Maganganu shafi huɗu suka taru a maƙogwaronta suna turereniya. Ya ɗauki biro, biron ya ƙi rubutu. Ya yarfa shi, ya hura masa iska, ya buɗe aljihun tebur yana laluben wani. Ja huɗu. Riƙe huɗu. Saki shida. Duk yinin nan ba inda ƙirgan Yaya ya yi aiki irin nan, domin shi kaɗai ya tsaya tsakanin harshenta da ƙarshen wata. Sau uku ta kewaya kafin ya samu biro mai rai. Ya sa hannu, ya rubuta kwanan wata bayan ya tambaye ta ko yau nawa, ya ɗaga hatimi ya buga da ƙarfi. Teburin ko gezau.

"Kin gani?" ya ce yana shafa katakon. "Shekara biyu teburin nan yana rawa, in na buga hatimi sai shayi ya zube. Baba ne ya yi masa magani makon jiya."

Baba Masinja, da ke tsaye a bakin ƙofa, ya yi murmushin wanda aka yaba wa aiki.

"Yallaɓai ya ce in ajiye wasiƙarki inda ba za ta ɓata ba. Na gwada wasiƙun sauran malamai, duk ba su kai ba. Taki kauri gare ta, Malama. Allah ya yi wa hannunki albarka."

"Amin, Baba."

Ta karɓi takardar da hannu biyu, ta hura tawadar har ta bushe, ta ninka, ta sa a jaka, ta ja zif har ƙarshe. Sannan ta durƙusa kamar mai gaisuwa, ta sa kafaɗa ta ɗaga kusurwar teburin, ta zare ambulan. Tebur ya karkata, kofi ya zame, shayi ya malale ya nufi fayiloli. Baba ya ruga neman tsumma.

"Subhanallahi, Malama, me ke nan?"

"Wasiƙarka ce, ranka ya daɗe. Na ga ba ka samu sukuni ba, bari in karanta maka."

Ta ɓalle salatif ɗin, ta miƙe tsaye, ta fara. Ta karanta ɗakin gwaje-gwaje, ta karanta littafin sa hannu, ta karanta famfo. Da ta zo tsakiyar shafi na uku ta ɗan dakata. Shugaba ya muskuta, kujerar ta juya da shi, ƙiii. Ta tsallake layin, tunda mai maganar ta faɗa da bakinta. Ta ƙarasa da zancen mako biyu da masu duba makarantu, ta ninke takardar ta ajiye a busasshen gefen tebur.

Shugaba ya cire hula ya share goshi.

"Wa da wa suka ga wannan?"

"Ƙafar tebur kaɗai, zuwa yanzu."

"Mako biyu daga yaushe?"

"Daga ranar da Baba ya gyara teburin. Saura kwana biyar."

"Kwana biyar." Ya dubi kalandar bara kamar za ta taimake shi. "In suka zo suka ga kwalayen nan... Shekara uku... Za su tambayi littafin sa hannu. In suka tambayi littafin, za su ce ina nake. Ni da saura shekara biyu in yi ritaya. In suka zo suka ga kwalayen..."

Jan Biro ta gane muryar. Maƙwabciya ce, ta samu sabon gida, har an ba ta kujera mai juyawa.

"Yallaɓai," ta ce a hankali, "ja numfashi kana ƙirga huɗu. Riƙe. Yauwa. Saki a hankali. Yanzu buɗe ido ka faɗi abu biyar da kake gani a ɗakin nan. Ka dube su da kyau."

Ya dube ta kamar zai yi musu, amma ƙirjin nasa bai ba shi dama ba.

"Kalanda," ya ce.

"Ɗaya."

"Kofi."

"Biyu."

Kujerar ta ci gaba da juyawa da shi har ya fuskanci bangon baya. Idonsa ya tsaya a kan ƙusar, da jan zaren. Makullan ɗakin gwajin na nan rataye.

"Uku," in ji Jan Biro, ta miƙa hannu.